Tsingaron Tukwane da Tarihin Birnin Jenne-Jeno

Tufafi kan ruɓe, itace kan zama abincin gara, ginin laka kuwa damina kan mayar da shi ƙasa. Amma tukunyar da aka gasa, ko ta fashe, tsingaronta na iya shafe dubban shekaru a binne ba tare da ya lalace ba. Wannan ne ya sa masana ilimin tono kayan tarihi suka ɗauki tsingaro a matsayin babbar shaidarsu. A kogon Shiyanrendon na ƙasar Sin an samu tsingaron da ya kai shekara 20,000, a Unjugu ta ƙasar Dogon a Mali kuwa an samu wanda ya haura shekara 11,000. Daga cikin wuraren da tsingaro ya sauya fahimtar tarihi har da kufan Jenne-Jeno, kimanin kilomita 3 daga garin Jenne na yanzu, a fadamar da Kogin Neja da Kogin Bani suke malala a Mali.

Yadda ƙasa ke adana lissafi

Jenne-Jeno tudu ne da hannun ɗan Adam ya tayar. Duk gidan da ya rushe, a kan ɓaraguzansa ake gina sabo, shara kuma tana taruwa, har tudun ya kai tsayin mita 5 zuwa 6. Saboda haka abin da ke can ƙasa ya girmi abin da ke sama. Mai tono yakan bi hawa-hawan ƙasar sannu a hankali, yana rubuta zurfin da ya tsinci kowane abu.

Shekarun kowane hawa kuwa, ilimin halittu ne ke taimakawa wajen gano su. Tsirrai suna zuƙar sinadarin kabon daga iska, a cikinsa kuma akwai wani nau'i da ake kira kabon 14. Da zarar tsiro ya mutu, sai zuƙar ta tsaya, kabon 14 ɗin da ke jikinsa ya riƙa raguwa, rabinsa yana ƙarewa a duk shekara 5,730. Idan aka auna abin da ya saura a gawayi ko ƙonanniyar ƙwayar hatsi, sai a san lokacin da tsiron ya mutu, a kuma san shekarun tsingaron da ke kwance tare da shi. Willard Libby na Amurka ne ya ƙirƙiro wannan dabara, ya kuma sami kyautar Nobel a kanta a 1960.

Tasowar birni

A 1977 da 1981 wasu masana biyu daga Amurka, Roderick da Susan McIntosh, suka tona wannan tudu. A hawa na ƙasa sun tarar da tukwane marasa kauri, masu adon da ake yi ta hanyar mirgina igiya a jikin ɗanyen yumɓu, irin adon da aka sani a tsofaffin tukwanen Sahara. Awon gawayi ya nuna cewa an fara zama a wurin wajejen shekara ta 250 kafin Miladiyya. Mutanen sun noma shinkafar Afirka da gero da dawa, sun yi kiwon shanu, sun kuma kama tarwaɗa da giwan ruwa, kamar yadda ƙwayoyi da ƙasusuwan da aka tace daga ƙasar suka tabbatar.

Abin lura shi ne, fadamar ba ta da tama, ba ta da dutsen niƙa. Duk da haka an samu kashin maƙera da duwatsun niƙa tun a hawa na farko, alamar cewa daga nesa ake kawo su, a musanya da abinci. Daga baya tagulla ta iso daga wajejen Sahara. Tukwane suka ƙara kauri, aka shiga yi musu zane da farin launi da ja, aka kuma fara binne mamata a cikin manyan randuna. Zuwa wajejen shekara ta 800 Miladiyya, garin ya mamaye hekta 33, an kewaye shi da ganuwar tubali mai tsawon kusan kilomita 2, ga kuma ƙananan garuruwa birjik a kewayensa.

Kafin wannan bincike, ra'ayin da ya yi rinjaye shi ne cewa birane da fatauci mai nisa ba su samu a Afirka ta Yamma ba sai bayan zuwan Larabawa 'yan kasuwa. Jenne-Jeno ta nuna cewa birni ya tsaya da ƙafarsa tun kafin lokacin. Bugu da ƙari, masu tonon ba su ci karo da fada ko kabarin wani babban sarki ba. Wannan ya sa suka kawo ra'ayin cewa manoma da masunta da maƙera da magina tukwane sun zauna rukuni-rukuni, kowa yana buƙatar ɗan'uwansa, ba tare da iko ya taru a hannun mutum guda ba.

Mutuwar birni

Bayan shekara ta 1000, kayan da ke nuna hulɗa da Arewacin Afirka suka yawaita, kamar duwatsun ado na gilashi da gululun kaɗi, gidaje masu kusurwa huɗu kuma suka maye gurbin zagayayyu. Daga wajejen 1200 jama'a suka soma raguwa, zuwa 1400 garin ya zama kufai. Masana suna danganta hakan da abubuwa biyu. Na farko, raguwar ruwan sama da ta taɓa malalar kogin da noman shinkafa ya dogara a kai. Na biyu, bunƙasar sabon garin Jenne, wanda ya zama cibiyar Musulunci da ciniki da Tambutu, ya riƙa janye mutane. Raguwar ta ɗauki kusan shekara 200, wato birnin ya mutu ne a hankali, jama'arsa kuma ba su ƙare ba, ƙaura suka yi.

Kammalawa

A 1988 hukumar UNESCO ta sanya Jenne da kufanta a jerin kayan gadon duniya, a 2016 kuma ta sanya su cikin waɗanda ke fuskantar haɗari. Masu haƙar sata sun daɗe suna farke tuddan wannan yanki don neman mutum-mutumin yumɓu da ake sayarwa a Turai, irin ɓarnar da ta sami yankin Nok a Najeriya. Duk tsingaron da aka cire daga hawansa ba tare da rubutu ba, ya rabu ke nan da gawayin da zai faɗi shekarunsa. Don haka ɗalibin da ya ga tsofaffin tukwane a gona ko a kufai, abin da ya dace shi ne ya bar su a inda suke, ya sanar da malaminsa ko gidan adana kayan tarihi mafi kusa.