Lafiyar Batir Ce Ainihin Farashin Motar Lantarki Ta Hannu

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta janye tallafin man fetur, farashin lita guda ya tashi daga kimanin Naira 185 zuwa fiye da Naira 500, sa'an nan ya haura Naira 1,000 a shekarar 2024. Wannan tsada ta sa 'yan kasuwa da masu sufuri suka fara waiwayar motoci masu aiki da lantarki, irin Hyundai Kona da aka ƙaddamar da haɗa ta a Legas a shekarar 2020. To amma da yake akasarin motocin da jama'a ke iya saye na hannu ne, waɗanda ake shigowa da su daga Amurka da Turai, ya zama wajibi mai saye ya san abin da yake biyan kuɗinsa a kai.

A motar fetur, inji da giya ake fara dubawa. A motar lantarki kuwa batir ne kan gaba, domin babu wani sashe da ya kai shi tsada. Alƙaluman kamfanin bincike na BloombergNEF sun nuna cewa a shekarar 2024 matsakaicin farashin batir a duniya ya kai dalar Amurka 115 a kan kowane kilowat-awa, wato ma'aunin yawan wutar da batir ke iya riƙewa. Bisa wannan lissafi, batir mai kilowat-awa 60 zai tasam ma dala 6,900, tun ba a sa kuɗin dako da na kwastan da ladan makanike ba. Don haka wanda ya sayi mota da gajiyayyen batir ya sayi bashi ne bai sani ba.

Abin da ƙwararru ke kira lafiyar batir shi ne yawan wutar da yake iya riƙewa a yau idan aka kwatanta da ranar da ya fito daga masana'anta. Batir mai kilowat-awa 40 wanda yanzu 32 kawai yake ɗauka, lafiyarsa kashi 80 cikin ɗari ke nan, kuma tazarar da motar za ta yi kafin a sake caji ta ragu da kashi ɗaya cikin biyar. Wannan ya bambanta da alamar caji da direba ke gani a gabansa, wadda kan nuna batir ya cika ko da tsufa ya cinye rabinsa. Binciken kamfanin Geotab na ƙasar Kanada ya gano cewa batir na raguwa da kimanin kashi 2.3 cikin ɗari a shekara a rahotonsa na 2019, da kashi 1.8 a rahoton 2024.

Sai dai wannan matsakaici ne, kuma zafi na gaggauta lalacewar. A shekarar 2012 masu motar Nissan Leaf a jihar Arizona ta Amurka sun koka cewa baturansu na raguwa da sauri, domin ita Leaf ta wancan lokacin ba ta da tsarin sanyaya batir da ruwa. Wannan darasi ya shafi garuruwa irin Sakkwato da Maiduguri, inda zafin bazara kan wuce digiri 40. Yawan amfani da caji mai sauri, da barin mota a cike maƙil ko a ƙare ƙaf na tsawon kwanaki, su ma suna rage wa batir kwana.

Hanya ta farko ta dubawa ita ce abin da motar da kanta ke nunawa. Leaf tana da sanduna 12 na lafiyar batir. Ta farko kan ɓace idan lafiyar ta sauko zuwa kimanin kashi 85 cikin ɗari. Motocin Tesla kuma suna da gwajin batir a cikin allonsu. Adadin kilomitar da allo ke hasashen za a yi ba abin dogaro ba ne, saboda yana sauyawa gwargwadon yadda aka tuƙa motar a kwanakin baya.

Hanya ta biyu ita ce amfani da 'yar na'urar da ake sokawa a kafar OBD da ke ƙarƙashin sitiyari, a haɗa ta da manhajar waya irin LeafSpy. Daga nan ake karanta lafiyar batir, wadda kan bayyana da haruffan SOH, da bambancin ƙarfin wuta tsakanin ƙwayoyinsa. Muhimmancin wannan shi ne ƙwayoyin a jere suke aiki, kuma mafi rauni a cikinsu ita ke yanke wa sauran iyaka.

Hanya ta uku lissafi ce. A sauke batir zuwa kashi 20, a yi masa caji zuwa kashi 80, a rubuta yawan wutar da ya sha. Sabon batir mai kilowat-awa 40 ya kamata ya ɗauki 24. Idan 19 ya ɗauka, lafiyarsa ba ta wuce kashi 80 ba. Sai a tuna cewa mitar bango kan nuna ƙarin kimanin kashi 10 cikin ɗari, wanda ke salwanta a matsayin zafi yayin caji.

Har ila yau, akwai batun takardu. Yawancin kamfanoni na ba batir garanti na shekara 8 ko kilomita 160,000, kuma da dama sun ɗauki kashi 70 a matsayin iyakar da za su gyara ko su sauya shi. Amma sau da yawa garantin ba ya bin mota idan ta bar yankin da aka sayar da ita, don haka motar da ta sauka a Apapa mai ita ne zai ɗauki nauyinta. Ya kamata kuma a binciki tarihinta ta lambar jikinta, domin wasu motocin gwanjo na Amurka ambaliya ce ta shafe su, kuma ruwan gishiri da ya shiga batir na iya haddasa gobara, kamar yadda aka gani a jihar Florida bayan guguwar Ian a shekarar 2022.

Tarayyar Turai ta riga ta kafa doka a shekarar 2023 wadda ta tanadi cewa daga Fabrairun 2027 kowane sabon batirin motar lantarki zai zo da takardar shaida ta kwamfuta mai ɗauke da bayanansa. Kafin irin wannan shaida ta wadata a kasuwannin nan, kariyar mai saye ita ce ya gwada kafin ya biya, ya kuma sa adadin da gwajin ya nuna a cikin ciniki. Mota biyu masu shekaru ɗaya da launi ɗaya, ɗaya mai kashi 92 ɗaya mai kashi 72, bai kamata dillali ya yanka musu kuɗi ɗaya ba.