Gaskiya ko Jita-jita: Wane Ne Ɗan Katolika, Kuma Me Cocinsa Ya Ce Kan Zubar da Ciki?

A daminar 2022, lokacin da gidajen rediyo suka cika da labarin Kotun Ƙolin Amurka ta soke hukuncin 1973 da ya halatta zubar da ciki a faɗin ƙasar, muna zaune a gindin wata darbejiya a Garki bayan an tashi daga makaranta. Wani dattijon malami, wanda da yawanmu ta hannunsa muka bi, ya rage muryar rediyonsa ya ce, "Su ai addininsu bai hana ba. Ga shugabansu Biden nan, ɗan Katolika ne, har carbinsu yake yawo da shi, amma shi ne kan gaba wajen kare zubar da ciki." Wata 'yar bautar ƙasa da aka turo mana daga Kudancin Kaduna, wadda ba ta cika sa baki a hirar manya ba, ta rusuna ta ce, "Baba, a gafarce ni, wannan mutumin ba ɗan Katolika ba ne. Duk wanda ya goyi bayan abin nan ya fita daga coci." Aka yi shiru, kowa ya riƙe tasa.

Ni Musulmi ne, amma maganar ta tsaya mini a rai, domin waɗanda ake zancensu maƙwabtanmu ne. Suna duba marasa lafiyarmu a Dutse, suna koyar da 'ya'yanmu, muna ciniki da su a kasuwa. Da na bi diddigi, sai na tarar daga Baba har 'yar tamu babu wanda ya faɗi daidai.

Ta Baba ba ta da wuyar warwarewa, jita-jita ce. Babban littafin koyar da aƙida na ɗarikar Katolika, wanda ya fito a 1992, ya ce ran ɗan Adam abin karewa ne tun daga lokacin da ciki ya shiga, kuma zubar da shi da gangan babban zunubi ne. Fafaroma John Paul na Biyu ya sake jaddada haka a wasiƙarsa ta 1995. Ba su ware cikin fyaɗe ba, ba su ware cikin da aka gano ɗan yana da nakasa ba. A nan gida ma mun ga aikin wannan aƙida. A 2013, matsin lambar Babban Bishop na Owerri, Anthony Obinna, na cikin abin da ya sa gwamnatin Rochas Okorocha a Imo ta janye wani sashe na doka da ya sassauta zubar da ciki. A 2022 kuma gwamnan Legas ya dakatar da wasu ƙa'idojin cire ciki a asibitoci jim kaɗan bayan an ƙaddamar da su, kuma Babban Bishop Alfred Adewale Martins na cikin waɗanda suka fito suka yi Allah wadai da su. Abin da ya ruɗi Baba shi ne ya auna addini da halin mabiyinsa. Binciken cibiyar Pew ya nuna kusan shida cikin goma na 'yan Katolikan Amurka suna ganin doka ta bar zubar da ciki a yawancin yanayi. Wannan ra'ayinsu ne, cocinsu bai ce haka ba, kamar yadda Musulmi mai cin riba bai zama hujjar cewa Musulunci ya halatta riba ba.

Ta 'yar bautar ƙasar ce ta fi ba ni aiki, don akwai ƙamshin gaskiya a cikinta.

A dokokin cocin, waɗanda aka sabunta a 1983, abin da ke sa mutum ya zama ɗan Katolika shi ne baftisma a cikin cocin, ko kuma a karɓe shi idan a wata ɗarika aka yi masa. A wurinsu baftisma tambari ne da ba ya goguwa, shi ya sa ba a maimaita ta. Sai kuma wani mataki na sama, wanda suke kira cikakkiyar tarayya, kuma igiya uku ce ke riƙe da shi: yarda da aƙida, karɓar ibadodin nan bakwai masu tsarki, da bin jagorancin Fafaroma da bishop-bishop. Mutum na iya tsinka igiya ɗaya, ko ya sassauta dukansu, ya daina zuwa Misa shekara ashirin, ya yi wa koyarwar cocin gardama a bainar jama'a. Za a ce ya yi nisa, za a iya hana shi karɓar jibi, wato gurasa mai tsarki da ake bayarwa a Misa, amma sunansa na nan a littafin baftisma na majami'ar da aka yi masa. A da, akwai wata 'yar ƙofa a dokar aure da ta amince mutum ya rubuta takardar ficewa. Fafaroma Benedict na 16 ya rufe ta a 2009. Bahaushe ya riga ya faɗi wannan da tasa hikimar: hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Shi ya sa a watan Mayun 2022, da Babban Bishop na San Francisco, Salvatore Cordileone, ya ɗauki mataki kan 'yar siyasar Amurka Nancy Pelosi saboda matsayinta kan zubar da ciki, jibi ya hana ta karɓa a yankinsa. Bai ce ta daina zama 'yar Katolika ba, kuma ba shi da ikon faɗin haka. Su kansu shugabannin bakinsu bai zo ɗaya ba kan wannan hanin. A Satumbar 2021, a jirgi yana komowa daga Silobakiya, Fafaroma Francis ya kira zubar da ciki kisan kai, kuma a zama ɗaya ya ce shi bai taɓa hana kowa jibi ba. Magajinsa, Leo na 14, ya ƙara wani nauyin a 2025, inda ya nuna cewa mai ƙin zubar da ciki amma yana goyon bayan hukuncin kisa bai cika mai kare rai ba. Ke nan ko a cikin gidan, auna imanin mutum da mas'ala ɗaya tak ba abu ne da kowa ya yarda da shi ba.

Bari in ɗan ratse, don akwai wata jita-jitar da ke ƙarƙashin duk wannan, wato cewa Katolika addinin Inyamurai ne da mutanen Kudu. 'Yan Katolikan Jigawa suna ƙarƙashin dayosis na Kano, wanda ya samu cikakken matsayi a 1999, kuma Bishop John Namaza Niyiring ke riƙe da shi tun 2008. A ƙauyukan Kano da Katsina akwai Hausawa 'yan asalin Maguzawa da suka daɗe a cikin ɗarikar, da Hausa suke addu'a, da Hausa matan Zumunta suke waƙa. A 2023 aka kafa dayosis na Katsina, aka naɗa Gerald Mamman Musa, Bahaushe ɗan ƙasar Malumfashi, bishop ɗinsa na farko. Yare da ƙabila ba sa cikin igiyoyin nan uku na cikakkiyar tarayya.

To, ita macen da ta zubar fa? Na sha jin ana cewa korar kare ake yi mata, ba ta ba coci har abada. Akwai hukunci, kuma mai tsanani ne: wadda ta zubar da ciki da gangan, abin ya tabbata, dakatarwa na hawa kanta nan take ba sai wani ya yi shela ba, ba za ta karɓi jibi ba, ba za ta riƙe muƙami ba. Sai dai dokar da ta sa hukuncin ita ce kuma ta zagaye shi da sharuɗɗa. Ba ya hawa kan yarinyar da ba ta kai shekara 18 ba. Ba ya hawa kan wadda aka tilasta, ko wadda tsoro mai tsanani ya tura, ko wadda ba ta ma san akwai hukuncin ba. Duk wanda ya san yadda yarinya ke shiga wannan hali a garuruwanmu, da tsoron uba, da gorin unguwa, da saurayin da ya kashe waya, zai gane cewa da yawansu ba sa cikin waɗanda hukuncin ya shafa. Wadda ya shafa ɗin ma ana son ta ci gaba da zuwa Misa ranar Lahadi, kuma hanyar dawowa ita ce furta zunubi a gaban Fada. Da can a wurare da yawa sai an nemi izinin bishop. Fafaroma Francis ya ba kowane Fada wannan iko a shekarar jinƙai da ta fara a ƙarshen 2015, ya kuma mayar da shi na dindindin a Nuwambar 2016. Ɓari kuwa ba laifi ba ne ko kaɗan, haka wankin cikin da ake yi wa mace bayansa.

Inda na fi daɗewa ina juya magana shi ne batun ran uwa, domin a Jigawa wannan ba zancen littafi ba ne. Wanda ya taɓa raka mai naƙuda asibitin Jahun, inda likitocin MSF ke aiki tun 2008, ya ga yadda ake kawo mata daga nesa da jijjiga da zubar jini. Ana cewa 'yan Katolika gara uwa ta mutu a kan a taɓa ciki. Faɗin haka kai tsaye zalunci ne. Koyarwarsu ta yarda a yi wa uwa magani ko tiyatar da za ta cece ta, ko da an san ɗan ba zai rayu ba, muddin ba shi aka nufa ba. Cikin da ya zauna a wajen mahaifa ana yanke bututun da ya maƙale a ciki. Mahaifar da sankara ta kama ana cire ta ko da akwai ciki. Abin da suka hana shi ne a kai hannu kan ɗan da kansa a matsayin maganin. Wannan iyaka siririya ce, kuma ta taɓa jawo rikici babba. A ƙarshen 2009, a wani asibitin Katolika da ke Phoenix a Amurka, an cire cikin mako 11 na wata mata da hawan jinin huhu ke shirin kashewa, kuma Bishop Thomas Olmsted ya ce Sista Margaret McBride, wadda ta amince da aikin, ta faɗa cikin hukuncin dakatarwa. Daga baya ta dawo cikin tarayya, amma malaman cocin sun daɗe suna muhawara a kai. A nan ra'ayina na tare da fuƙaha'unmu da kuma dokar Arewa ta Final Kod, waɗanda suka ce idan likita ya tabbatar ran uwa na cikin haɗari, a ceci uwa. Amma ba zan ce wa maƙwabcina ba ya darajta ran mace ba, alhali na ga inda ya tsaya da dalilin tsayuwarsa.

Akwai kuma abin da su kansu 'yan Katolika da yawa ba su sani ba game da tarihinsu. Gaskiya ne cocin ya la'anci zubar da ciki tun ƙarnin farko. Amma batun yaushe rai ke shiga, sun yi ƙarnoni suna kai kawo. Babban malaminsu Thomas Aquinas, wanda ya rasu a 1274, ya bi Aristotle a kan cewa sai bayan kwana 40 ga ɗa namiji, mace kuma fiye da haka. A 1588 Fafaroma Sixtus na Biyar ya sa hukunci ɗaya kan kowane irin ciki, a 1591 Gregory na 14 ya dawo da bambanci tsakanin cikin da aka busa wa rai da wanda ba a busa ba, sai a 1869 Pius na Tara ya share bambancin daga dokar. Almajirin da ya yi karatun zaure zai ji wannan ba baƙo ba ne a kunnensa. Mu ma muna da maganar kwana 120 na busa rai. Hanafawa sun sassauta kafin wa'adin idan da uzuri, majalisar fiƙihu ta Rabiɗa a Makka ta amince a 1990 da cire cikin da ya yi mummunar nakasa kafin kwana 120, amma mashahurin zance a mazhabarmu ta Malikiyya, kamar yadda Shehu Dardir ya kawo a sharhinsa na Mukhtasar, shi ne hani tun kafin kwana 40. Wato a cikin mazhabobi huɗu, tamu ce ta fi kusa da matsayin Katolika na yau, abin da ba mu cika lura da shi ba idan muna nuna juna da yatsa.

Duk da wannan hani na masallaci da coci da kotu, binciken cibiyar Guttmacher ya ƙiyasta an zubar da ciki miliyan 1.25 a Najeriya a 2012 kaɗai, kuma babu shiyyar da ta tsira. Da yawa a bayan kemis ake yi, ko da jiƙe-jiƙe, sai jini ya ɓalle a ruga asibiti a ce ɓari ne.

Bayan wasu makonni na koma wa Baba da abin da na samo, 'yar bautar ƙasar tana gefe tana sauraro. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ɗago ya ce, "To, shi namijin da ya yi cikin, ya ba da kuɗin, me suka ce a kansa?" Na ce masa dokarsu ta haɗa da duk wanda ba don hannunsa ba abin ba zai yiwu ba, da mai biyan kuɗin, da mai tilastawar, da mai yin aikin. Yarinya 'yar shekara 17 da tsoro ya kora tana iya fita daga hukuncin, shi kuwa baligin da ya kai ta da saninsa yana ciki.