Yadda Ake Gane Fitar Hunturu a Ƙofar Gida a Ingila

A ƙarshen Disamba, hasken rana a Landan bai cika awa 8 ba. Itatuwa sun kaɗe ganye, ƙasa ta yi jagab da ruwa, duhu na rufewa tun ƙarfe huɗu na yamma. Zuwa ƙarshen Yuni kuwa hasken ya haura awa 16. Ƙaruwar hasken nan da ɗumin da ke biye da shi su ne ke tayar da tsiro da dabba, kowa da lokacinsa, kuma mai lura ba sai ya je daji ba: ɗan lambun bayan gida da shingen bakin titi sun ishe shi.

Na farkon leƙowa shi ne wani ɗan farin fure mai sunkuyar da kai, Turawa na ce masa snowdrop. Tun Janairu yake huda ƙasa, wani lokaci ta cikin dusar ƙanƙara. Sirrinsa yana ƙarƙashin ƙasa, inda yake da kai irin na albasa da ya tara abinci tun bara. Daffodil mai ruwan ɗorawa na biyo baya a Maris, sannan daga ƙarshen Afrilu bluebell ya shimfiɗa shuɗi a gindin itatuwa. Gaggawarsu tana da dalili. Dole su yi fure su tara abincin baɗi kafin manyan itatuwa su yi ganye su tare musu rana. Kusan rabin bluebell na duniya a Birtaniya yake, kuma wata doka ta 1981 ta hana tone shi a daji ba da izinin mai ƙasa ba.

A kududdufin lambu, kwaɗi na zuba ƙwai a dunƙule cikin wani abu mai kauri da santsi, kowane ƙwai da ɗigon baƙi a tsakiya. A Cornwall da ke kudu maso yamma ana ganinsu tun Janairu, arewa kuwa sai Maris. Bushiya, wadda ta kwashe watannin sanyi tana barci cikin tarin busasshen ganye, tana fitowa a rame wajen Maris ko Afrilu, da dare, tana shinshinar tsutsa.

Rubuta irin waɗannan alamu tsohuwar al'ada ce a can. A 1736 wani mai gonaki a Norfolk, Robert Marsham, ya fara ajiye ranar da ya fara ganin kowace alama: ganyen itacen oak na farko, kukan kwaɗi, isowar tsattsewa. Alamu 27 yake bi, kuma zuriyarsa ta riƙe littafin har 1958. A yau ƙungiyar Woodland Trust ke tattara irin wannan bayani daga hannun jama'ar gari. Mai gani zai ɗauka aikin marasa abin yi ne, amma da waɗannan rubuce-rubuce masana a Jami'ar Cambridge suka nuna a 2022 cewa tsirran Birtaniya na yin fure kimanin wata guda kafin lokacin da suka saba, saboda ɗumamar yanayi.

Matsalar ita ce komai a sarƙe yake. Tsutsotsi na ƙyanƙyashewa daidai lokacin da oak ya fitar da ɗanyen ganye, ƙananan tsuntsaye kuma na auna ƙyanƙyasarsu da yawan tsutsar. Idan ganye da tsutsa suka yi sammako, tsuntsun da ke zaune a ƙasar yana iya matso da nasa ƙwan, kamar yadda aka gani a dajin Wytham kusa da Oxford, inda ake bin sheƙunan tsuntsaye tun 1947. Tsuntsun da ya taso daga Afirka fa? Ba shi da labarin yanayin da zai tarar.

A nan ne zancen ya iso ƙasashenmu. Tsattsewar da Bature ke murnar gani a Afrilu ta tsallako Sahara ne, kuma dausayin Haɗeja da Nguru da gaɓar Tafkin Chadi na cikin wuraren da tsuntsayen Turai ke yada zango su yi ƙiba kafin su fuskanci hamada. A 1969 masu ƙidayar tsuntsaye a Birtaniya sun jira wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro da ke waƙa a kan shinge, sai suka ga ya ragu da kimanin kashi 70 cikin 100 a shekara guda. Da aka bi sawu, aka gano farin da ya fara addabar yankin Sahel a 1968 ne ya cinye su, farin da ya zarce har shekarun 1970 ya hallaka dabbobi da amfanin gona a Nijar da arewacin Najeriya. Har yau yawan wannan tsuntsu a shingayen Ingila yana hawa da sauka gwargwadon ruwan da aka samu a daminar Sahel.