Ƙidayar shirwa a lokacin kaka: misalin Gidan Sori

A ƙasar Gidan Sori, cikin jihar Maraɗi, sunan shirwa ya haɗa tsuntsaye iri biyu. Ta farko mai rawayan baki ce. Takan zo daga kudu tare da damina, ta koma idan ruwa ya ɗauke. Ta biyu mai baƙin baki ce. A Turai take ƙyanƙyasa, ta ƙetare mashigin Jibraltar wajen watan Agusta, ta sauka Sahel. Da kaka ke nan wata na tafiya, wata na isowa. Idan muka haɗa su cikin lissafi ɗaya, ƙaruwar ɗaya za ta ɓoye raguwar ɗayar.

Don haka muke ba da shawarar a tsaya wuri guda, a sa'a guda kullum, a rubuta launin baki da inda tsuntsuwar ta dosa. Sai dai a kula: ƴaƴan ta farko ma bakinsu baƙi ne.

Jean-Marc Thiollay ya bi hanyoyin Nijar, Mali da Burkina Faso a 1969-1973, ya sake bin su a 2003-2004, ya tarar ungulaye da gaggafa sun ragu ƙwarai a wajen gandun daji. Shirwa kuwa tana cin farar da ke ɓarnar gero.