Mota Na Jinkirin Tashi? A Saurare Ta Kafin a Kashe Kuɗi

Ƙarfe bakwai saura kwata, an sa kayan makaranta, jakunkuna suna kujerar baya. Direba ya murɗa makulli, mota ta yi ta gurnani, da ƙyar ta kama. Gobe haka, jibi haka, rannan kuma ta ƙi gaba ɗaya, a kira 'yan unguwa su tura, ɗalibai su isa makaranta an rufe ƙofa.

Abin da aka saba yi a gidajenmu shi ne a ce batir ne, a sayo sabo. Wani lokaci a dace. Wani lokaci kuwa bayan kwana uku matsalar ta dawo, a gane an bar jaki ana dukan taiki, ga kuɗi masu yawa sun tafi. Mu da ke karatun injiniyanci a jami'a, abin da ake fara cusa mana shi ne a san ciwo kafin a sayi magani. Kuma mafi yawan ilimin da ake buƙata a nan yana cikin littattafanku na fiziks da kemistiri.

Me ke faruwa idan an murɗa makulli?

Injin mota ba ya iya tayar da kansa, sai an fara juya shi. Motocin farko da hannu ake juya su, da wani lanƙwasasshen ƙarfe da ake zurawa ta gaba, kuma idan inji ya yi tutsu ƙarfen kan karya hannun mutum. A shekarar 1912 kamfanin Cadillac na Amurka ya fitar da mota mai na'urar tayarwa ta lantarki, wadda Charles Kettering da abokan aikinsa suka ƙera. Ita ce makanikanmu ke kira kik.

Idan an murɗa makulli, batir ya aika wa kik da wuta, kik ya juya inji. Yayin da inji ke juyawa sai ya zuƙi iska da fetur, fistin ya matse su, filogi ya ba da tartsatsi, su kama da wuta. Ke nan abu huɗu ake buƙata: juyi, mai da iska, matsi, da tartsatsi. Duk motar da ke jinkirin tashi, ɗaya daga cikinsu ne ya yi rauni.

Tambaya ta farko: wane irin jinkiri?

A nan kunne ya fi sifana amfani. Jinkiri iri biyu ne. Na farko, inji yana juyawa a hankali, da nauyi, ko kuma a ji ƙas-ƙas-ƙas ba juyi. Na biyu, inji yana juyawa da ƙarfinsa kamar kullum, amma sai an daɗe kafin ya kama. Na farko yana nuna batir, wayoyinsa ko kik. Na biyu yana nuna mai, iska ko tartsatsi, kuma sabon batir ba zai warkar da shi ba. Wanda ya iya bambance waɗannan biyun ya yi rabin aiki.

Idan juyin ne ya yi nauyi

Batirin da ke yawancin motoci na dalma ne da ruwan asid, irin wanda Bafaranshe Gaston Planté ya ƙirƙiro a 1859. A cikinsa akwai ɗakuna shida, kowanne yana ba da kusan bolt 2.1, shi ya sa cikakken batir ke nuna kusan bolt 12.6 duk da ana ce masa mai bolt 12. Mitar auna lantarki, irin ta ɗakin gwaje-gwajen makaranta, za ta faɗa muku gaskiyarsa. Idan mota ta kwana a kashe aka auna aka ga 12.2, cajinsa ya koma kusan rabi. Idan ya gaza 12, ya kusa ƙarewa. A sake dubawa lokacin da ake murɗa makulli: idan lambar ta faɗi ƙasa da 9.6, batirin ba ya iya ɗaukar nauyin aikinsa.

In babu mita, a kunna fitilar cikin mota a zuba mata ido. Idan ta dushe sosai lokacin da aka murɗa, wuta ce ta yi ƙaranci, ko kuma kik ne ke jan wadda ta wuce ƙima. Idan tana nan da haskenta, aka ji ƙas sau ɗaya kawai, a fi zargin kik ko wayar da ke zuwa wurinsa.

Kafin a yanke wa batir hukunci, a duba kawunansa. Farin gari ko shuɗi-shuɗi da ke taruwa a kansu, ko noti da ya saki, sun isa su hana mota tashi. Ku tuna dokar Ohm: faɗuwar bolt daidai take da yawan wutar da ke gudana sau turjiyar da ta tarar. Kik na ƙaramar mota yana iya jan amfiya 200. Idan datti ya jawo turjiya ta om 0.01 kacal, ku lissafa: 200 sau 0.01, an yi asarar bolt 2 tun wuta ba ta bar kan batir ba. Rediyo da fitila za su yi aiki lafiya domin wutar da suke ja kaɗan ce, amma kik zai galabaita. Maganin wannan ba ya wuce burushi, ruwan da aka jiƙa bekin soda a ciki, da ɗaure noti. A duba har da baƙar wayar da ke haɗa batir da jikin mota, domin ta nan wuta ke komawa.

Akwai kuma altaneta, wadda ke caja batir idan inji yana aiki. A auna batir mota tana kunne: ya kamata a ga tsakanin bolt 13.5 da 14.7. Idan lambar ta tsaya a 12 da ɗoriya, ba a caja shi, wataƙila altaneta ta lalace ko bel ɗinta ya saki. Sabon batir ma zai mutu a irin wannan motar cikin 'yan kwanaki. Haka nan motar da ba ta zuwa ko'ina sai makaranta da kasuwar unguwa ba ta samun isasshen lokacin mayar da wutar da kik ya ci.

Me ya sa abin ya fi yawa da hunturu? Sanyi yana rage saurin haɗuwar sinadaran cikin batir, yana kuma sa baƙin mai ya yi kauri, inji ya yi nauyin juyawa. Amma ainihin ɓarnar zafi ne ke yin ta. Zafin bazara na garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri, inda yakan haura digiri 40, yana ƙafar da ruwan batir, yana cin dalmar ciki. Batirin da ya ji jiki a watan Afrilu, sanyin Disamba ne ke tona masa asiri.

Idan inji na juyawa amma ya ƙi kamawa

A fara da mai. A motocin da ke da injekta, idan aka murɗa makulli zuwa inda fitilun gaban direba ke kamawa, ba tare da an tayar ba, za a ji wani siririn sauti daga wajen tanki na daƙiƙa biyu ko uku. Famfon mai ne ke tura fetur zuwa inji. Ga gwaji mai sauƙi: a kunna haka, a jira sautin ya tsaya, a kashe, a maimaita sau uku, sannan a tayar. Idan ta kama nan take, alama ce fetur yana zurarewa ya bar bututu idan mota ta kwana, ko famfon ya fara gajiya. Matatar mai da ta toshe, da fetur mai ruwa ko gauraye, su ma suna kawo wannan jinkiri.

Sai iska. Ƙurar hunturu tana cika matatar iska da wuri. A buɗe ta a ɗaga ta wajen haske. Idan haske ba ya ratsa ta, lokacin canji ya yi.

Sai tartsatsi. Filogi yana cinyewa da tsufa, tazarar bakinsa ta ƙaru, wuta ta riƙa wahalar tsallakawa. Launinsa ma labari ne: baƙi mai toka yana nuna mai ya fi iska yawa, mai maiƙo kuma yana nuna baƙin mai na shiga inda bai kamata ba.

Lokacin da matsalar ke zuwa shi ma shaida ne. Idan da safe kawai ne, a duba batir, zurarewar mai, ko na'urar da ke gaya wa kwamfutar mota zafin inji, domin inji mai sanyi ya fi buƙatar mai. A motar dizal kuma a duba filogin ɗumama. Idan kuwa sai mota ta yi zafi an kashe ta take ƙin tashi, a zargi injekta mai ɗiga, ko na'urar da ke lura da juyin inji, ko kik da zafi ke raunanawa. Motocin da aka ƙera domin kasuwar Amurka tun daga 1996, waɗanda da yawansu ke kan titunanmu, suna da wata kafa a ƙarƙashin sitiyari inda ake jona na'ura ta karanto ƙorafin da kwamfutar ta adana.

Hattara

Batir yana fitar da iskar haidirojin mai kamawa da wuta, don haka ba a kusantarsa da ashana ko sigari. Ruwansa yana ƙona fata, yana makantarwa. Kada a ɗora sifana ta haɗa kawunansa biyu. In za a cire shi, a fara da kan da ke da alamar ragi. Kada a cire kan batir inji yana aiki wai don gwada altaneta, kamar yadda wasu ke yi. Hakan na iya ƙona kwamfutar mota. Kada a riƙe makulli fiye da daƙiƙa goma a murɗawa ɗaya, a bar kik ya huce. Mota mai giyar otomatik kuma turi ba ya tayar da ita. Duk wannan bincike a yi shi tare da babba, mota tana tsaye, an ja birkin hannu.

Abin da za ku iya yi daga wannan makon

Ku samu ɗan littafi, mata da maza, ku riƙa rubuta abu huɗu duk ranar da motar gida ko ta makaranta ta yi gardama: wane sauti ta yi, da safe ne ko bayan tafiya, fitila ta dushe ko ba ta dushe ba, kuma yaushe aka sa batirin da ke ciki. Bakaniken da aka ce wa "mota ba ta tashi" sai ya yi ta laluben duhu, ana biyan kuɗin kowane lalube. Wanda aka ce wa "inji na juyawa da ƙarfi, amma da safe sai an murɗa sau uku, in ta yi zafi kuma lafiya lau" ya san inda zai fara dubawa. Wannan shi ne tsarin da malaman kimiyya ke koya muku a aji: a lura, a yi hasashe, a gwada abu ɗaya a lokaci ɗaya, a fara da mafi arha.