Gyara Kayanka Bai Zama Sauke Mu Raba Ba: Yadda Ake Duba Aikin Mai Koyon Hoto

Kwana biyu bayan Sallah, a majalisun samari na Kano ko Zariya ko Katsina, da wuya ka rasa wanda zai ciro waya yana nuna hotunan da ya ɗauka a wurin hawa. Wayar ta zaga hannu-hannu. Wannan ya ce "Masha Allah", wancan ya ce "Kai, ka iya!", na ƙarshe ya miƙo masa abarsa. Yaro ya koma gida da farin ciki, amma bai ƙaru da komai ba. Baɗi war haka zai sake tsayawa inda ya tsaya bana, rana tana gabansa, fuskokin mahaya su sake fitowa duhu a ƙarƙashin rawani. Wani lokacin kuma akwai wanda ya taɓa riƙe babbar kyamara a majalisar, ya yi wa hoton kallo ɗaya ya ce, "Wannan ai shirme ne." Shi ma bai koya masa komai ba, ya dai sa ya daina nunawa.

Ɗaukar hoto sana'a ce da ke ciyar da gidaje masu yawa a yau: biki, suna, walimar sauka, taron siyasa, har kayan da 'yan kasuwa ke tallatawa. A da, mai son sana'ar yakan zauna a situdiyo ƙarƙashin maigida, yana riƙe fitila, yana wanke fim, kuma duk hoton da ya ɗauka sai ya bi ta idon maigidan kafin ya kai hannun mai shi. Waya ta sauƙaƙa shiga sana'ar, sai dai ba ta zo da maigida ba. Nauyin duba aikin masu tasowa ya dawo kan abokai, da yayye, da waɗanda suka riga su a fagen. Gyara kuwa abu ne da ake koyonsa, kamar yadda ake koyon riƙe kyamarar.

Ba kowane gyara ke gyarawa ba

A shekarar 1996 wasu masana biyu, Avraham Kluger da Angelo DeNisi, sun tattara sakamakon gwaje-gwaje har 607 da aka yi a kan tambaya ɗaya: idan aka gaya wa mutum yadda aikinsa ya yi, shin aikin yana ƙara kyau? A jimlace yana ƙaruwa. Amma a fiye da kashi ɗaya cikin uku na gwaje-gwajen, aikin ja da baya ya yi. Bayanin da suka bayar shi ne, muddin magana ta karkatar da hankalin mutum daga aikin zuwa kansa, amfaninta yana raguwa. Wanda aka ce wa "ba ka da ido" tunanin mutuncinsa zai shiga yi. Wanda aka ce wa "kai gwani ne" shi ma kansa yake kallo. Wanda kuwa aka ce wa "sandar lantarkin nan ta fito daidai tsakiyar kan ango", hoton zai koma ya duba, kuma gobe zai matsa taku biyu kafin ya danna.

Wannan shi ne tushen maganar: a yi magana a kan hoto, a bar mai hoto.

Minti ashirin a kan tebur

Inda sana'ar ta daɗe da kafuwa, an ware wa wannan aiki zama na musamman. A bikin hotuna na FotoFest da ake yi a birnin Houston na Amurka tun 1986, da kuma bikin Arles na Faransa wanda aka fara a 1970, mai ɗaukar hoto yakan zauna gaba da gaba da editan mujalla ko mai kula da gidan baje kolin hotuna na minti ashirin. Ya baje aikinsa a tebur, su duba tare, lokaci ya cika ya tashi ya koma wani teburin. Ƙarancin lokacin yana hana kewaye-kewaye. Mai hoto dole ya tace abin da zai kawo, mai dubawa kuma dole ya zaɓi abin da ya fi muhimmanci ya faɗa.

Tsarin da ya fi kama min hankali kuwa daga wata Ba'amurkiya mai tsara rawa ya fito, Liz Lerman, wadda ta shimfiɗa shi a 1990, yau kuma masu zane da marubuta da masu hoto suna amfani da shi. Matakai huɗu ne. Da farko masu kallo su faɗi abin da ya taɓa su a aikin. Na biyu, mai aikin ne zai yi tambaya a kan abin da ke damunsa. Na uku, masu kallo su yi nasu tambayoyin, ba tare da sun cusa hukunci a ciki ba. Sai a ƙarshe mutum ya ce yana da ra'ayi a kan abu kaza, ya nemi izini kafin ya faɗa.

Mataki na uku ne ke ba mutane wuya. "Me ya sa hoton ya yi duhu haka?" hukunci ne da aka sa wa rigar tambaya. "Me ka so ka nuna da hasken nan?" ita ce tambaya ta gaskiya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ta yiwu duhun da gangan ya yi shi, don ya nuna zaure da asuba. In haka ne, sai a duba ko duhun ya biya buƙata. In kuwa ya ce fuskar ya so ta fito, to shi da bakinsa ya gano matsalar, aikinka ya zama nuna masa hanya kawai.

Abin da ido zai nema

Haske ne farko. Akwai matsalar da kusan kowane mai koyo a ƙasar Hausa yake cin karo da ita, wato farar shadda. Ma'aunin hasken da ke cikin kyamara an ƙera shi ne ya ɗauka cewa duk abin da ke gabansa, in an haɗa, matsakaicin ruwan toka ne. Idan babbar riga fara tas ta cika hoton, sai kyamara ta ga haske ya yi yawa, ta rage. Rigar ta dusashe, fuskar mai ita kuma ta nutse. Maimakon ka ce wa yaro hotonsa bai yi ba, ce masa, "Ƙanena, rigar ce ta yaudari kyamarar. Ka auna hasken a fuska, ko ka ƙara shi da hannunka, ko kuma ka roƙi Alhaji ya dawo inuwar bango." Haka ma ranar tsaka: tana zuba inuwa a kwarmin ido da ƙarƙashin hula. Hasken hantsi da na bayan la'asar sun fi tausasa wa fuska.

Na biyu, motsi. Doki a guje ba ya tsayuwa a hoto sai ƙiftawar kyamara ta kai wajen ɗaya bisa dubu na daƙiƙa. In an bar ta a ɗaya bisa sittin, ƙafafu da alkyabba za su fito dishi-dishi. Mai dubawa ya bambance wa yaron ko dishi-dishin daga gudun doki ne, ko daga rawar hannu, ko kuwa saitin ne ya sauka a kan jama'ar baya, domin kowanne da maganinsa.

Na uku, abin da ke bayan mutum. A nan gara ka nuna misali da ka yi dogon bayani. Seydou Keïta, wanda ya buɗe situdiyonsa a Bamako a 1948, yakan rataya zane mai ado a bayan mutum, har adon tufafi da na zanen su haɗu su zama abu guda. J.D. 'Okhai Ojeikere kuwa, wanda ya fara ɗaukar kitson matan Najeriya a 1968 har ya tara hotuna kusan dubu, yakan bar bayan fayau don kada wani abu ya yi gasa da kitson. Hanyoyinsu sun saɓa, amma kowannensu zaɓar bayan ya yi. Mai koyo da ya ga waɗannan ayyuka zai fara lura da bokiti da igiyar shanya da ke leƙowa a hotunansa.

Na huɗu, gyaran kwamfuta, musamman fatar amarya. Tun daga shekarun 1950 kamfanin Kodak yake raba wa masu wanke hoto wani kati mai hoton farar mace don su daidaita launi da shi, kuma sai a tsakiyar shekarun 1990 ya fito da mai ɗauke da mata masu launin fata daban-daban. An daɗe ana auna kyan hoto da fatar da ba tamu ba. Abin takaici ne a ce yau da hannunmu muke wanke amarya har fuska ta yi fari, wuya da hannu kuma suna nan da launinsu. Wannan gyara ne da ya kamata a faɗa ba tare da kunya ba: hoton da uwar amarya za ta duba sau biyu kafin ta gane 'yarta ya kauce wa aikinsa.

Duk da haka, kada ka sauke wa mutum waɗannan duka a zama ɗaya. Zaɓi abu ɗaya ko biyu da zai iya gyarawa a fitarsa ta gaba. Yabon ma ka yi shi da hujja. "Ka jira har jaririn ya kama yatsan kakarsa kafin ka danna" yabo ne da ke gaya masa abin da zai maimaita.

Shafi shago ne

Idan mai hoto ya buɗe shafin kasuwancinsa a intanet ya ce ka duba masa, sai ka ajiye idon mai hoto ka ɗauki na mai ciniki. Ka ɗauka kai ce yayar amarya, biki saura wata guda, wayarki ƙarama, datarki ƙidayayya. Me kike son sani? Wane irin aiki yake yi, a wane gari yake, yaya za a same shi, kuma kuɗinsa daga nawa ya fara.

Masu bincike a Jami'ar Carleton ta Kanada sun nuna a 2006 cewa mutum yana yanke hukunci a kan kyan shafi cikin ɗaya bisa ashirin na daƙiƙa. Google kuma ya bayyana a 2016 cewa kashi 53 cikin ɗari na masu buɗe shafi ta waya suna barinsa idan ya wuce daƙiƙa uku bai buɗe ba. A nan masu hoto suka fi cutar kansu, domin suna ɗora hotuna da cikakken nauyinsu. Hoto ɗaya daga babbar kyamara yana iya kai megabait goma. Guda arba'in sun zama megabait ɗari huɗu ke nan a kan datar baƙo. Alhali in aka rage girman hoton zuwa abin da allon waya ke buƙata, nauyinsa ba zai kai ko megabait ɗaya ba, ido kuma ba zai ga bambanci ba.

Sai yawa. Tela ba ya rataya duk abin da ya taɓa ɗinkawa a bakin shago. Hotuna ashirin masu ƙarfi sun fi ɗari biyu da aka haɗa da na cike gurbi, saboda mai ciniki yana tsoron kada nasa ya fito kamar mafi rauninsu. Mai hoto ba ya iya wannan tacewa shi kaɗai, don yana tuna wahalar da ya sha a kan kowanne. Taimaka masa ya raba su gida-gida: kamu da dina a wuri ɗaya, hawa a wani, kayan kasuwa a wani. Duba ko tambarinsa ya rufe fuskar mutane. Danna lambar wayar ka ga ko tana shiga, ka duba ko an bayyana kafin alƙalami da ranar karɓar aiki.

Jakob Nielsen, masani a kan sauƙin amfani da shafuka, ya nuna a 2000 cewa gwaji da mutum biyar ya isa ya fito da mafi yawan matsalolin shafi. Wannan ba ya cin ko kwabo. A miƙa wa mutum biyar waya, a ce kowa ya nemo yadda zai kama ranar biki, mai shafin kuma ya yi shiru yana kallo. Inda yatsansu ya tsaya yana laluben hanya, nan ne gyaran yake.

Tambayar da ta fi duka nauyi ita ce ta amana: matan da ke cikin hotunan nan sun san an ɗora su? Wanda aka shigar cikin gida ranar kamu an ba shi amanar iyali ne. Najeriya ta kafa dokar kare bayanan mutane a 2023, amma tun kafin doka mun san hoton matar mutum ba kayan talla ba ne sai da yardarta. Ka faɗi wannan ko ba a tambaye ka ba, domin kuskure ɗaya a nan yana iya rufe wa yaro ƙofofin unguwa gaba ɗaya.

Inda ake faɗa, da wanda ake faɗa wa

Malamai sun daɗe suna raba nasiha da tonon asiri, kuma sau da yawa wurin da aka yi maganar ne ke raba su. Gyaran da zai karɓu a gefe, in aka yi shi a tsakiyar abokai sai ya zama cin fuska. Ja shi gefe, ko ka kira shi daga baya.

Kai kuma mai koyo, kana da naka rabon aikin. Kada ka tura hoto hamsin ka ce, "Maigida, ya ka gani?" Tura biyar, ka ce, "Maigida, launin fatar ne ke ba ni wahala a hotunan dare, don Allah duba min." Saurara har ya gama kafin ka kare kanka. Ba dole ne ka ɗauki duk abin da aka ce ba, amma in mutum uku da ba su haɗa baki ba sun tsaya a kan abu ɗaya, to akwai abin dubawa a wurin.

Hotunan Keïta da duniya ke rububinsu a yau, hotunan mutanen gari ne da suka ci ado suka zo a ɗauke su. Na yaran da ke bin bukukuwanmu ma su ne abin da jikoki za su buɗe don ganin yadda muka naɗa rawani, da yadda aka zana lalle a zamaninmu. Saboda haka in wayar ta zago hannunka a majalisa, ka ce Masha Allah, don ya cancanta. Sannan ka ɗan ƙara riƙe ta, ka duba hoton da kyau, ka tambaye shi inda rana take lokacin da ya danna.