Doki a bango, jaki a turke

A Achilafiya da ƙauyukan da ke kewaye da ita, cikin ƙaramar hukumar 'Yankwashi ta masarautar Kazaure, baje kolin hotuna bai da zaure na musamman. Bangon shagon tela ne, da rumfar mai cajin waya, da ɗakin amarya. Nan ake liƙa kalandar ƙungiyar samari da fostar ɗan siyasar da rana ta koɗar, sai kuma hotunan hawan sallah, waɗanda suka fi kowane hoto daraja. Idan Sarkin Kazaure Najib Hussaini Adamu ya hau, hakimai suka biyo da jama'arsu daga Roni da Gwiwa da 'Yankwashi, masu hoto kan kutsa har ƙarƙashin linzami, yanzu kuma kowane yaro da wayarsa a sama. Ingarma ya sha jalala, an wanke shi tas, an ba shi gero da kanwa.

Amma ka duba bangon nan da kyau, da wuya ka ga jaki. Alhali shi ne ma'aikacin gari.

Da rani, tun kafin rana ta yi zafi, jakuna ke jerin kai taki gona. Yaro zai ɗora akumari, ya ɗora mangala, ya cika ɓangarorin biyu daidai don kada kaya ya rinjaya, sannan ya bi bayansa da 'yar sanda yana "kur! kur!" Da kaka shi zai kwaso damman gero da dawa da harawa. Ƙasar gini, itace, jarkokin ruwa, duk a gadon bayansa. Wanda ya san dabba ba fuskar jaki yake kallo ba, ɗaga akumarin yake yi. Idan tsumman ya ƙare ko igiya ta ci, sai ka tarar da miki ja wur, ƙudaje na bi. Wani zai shafa man shanu ya huta da shi kwana biyu, ko ya nemi malamin dabbobi. Wani kuwa baƙin mai na inji zai zuba, gobe ya sake ɗora kaya. Dattawa kan ce wa irin wannan, "Kai, ka ji tsoron Allah, ba shi da bakin faɗa."

Wannan magana tana da tushe. A fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan nan, ciyar da dabba wajibi ne a kan mai ita, kuma ɗora mata abin da ba ta iyawa laifi ne. Jaki ba ya cikin dabbobin zakka. Ita tana kan raƙuma 5, shanu 30, awaki ko tumaki 40. Duk da haka sadakarsa ta fi ta sauran yawo a gari, domin aron jaki ba a cika hana shi ba. Gwauruwa ko tsohon da ba shi da mai taimako, da jakin maƙwabci takinsa ke isa gona, musamman ranar gayya.

Sai dai turakun suna ta zama wayam. Babur da amalanke sun karɓe wani aikin, amma babban dalilin fata ce. A ƙasar Sin ana dafa fatar jaki a haɗa wani magani mai suna ejiao, kuma ƙungiyar Donkey Sanctuary ta Ingila ta ƙiyasta cewa ana yanka aƙalla jakuna miliyan 5.9 duk shekara saboda shi. A kasuwar Maigatari, wadda ke ci ranar Alhamis a bakin iyakar Nijar, an daɗe ana loda su a tireloli zuwa kudu. Nijar ta hana fitar da jakuna tun 2016, a Fabrairun 2024 kuma shugabannin Tarayyar Afirka suka haramta yanka su don fata. Doka dai ta fito, amma kuɗin jaki ya riga ya fi ƙarfin ƙaramin manomi, sata kuma ta sa wasu sun daina barin nasu a bayan gida da dabaibayi kawai. Cikin gida suke shigar da shi, kusa da ƙofar ɗaki, inda maigida zai ji motsinsa da dare.